Silimar da Ta Tsaya a Gwiwa

Laraba, 5 ga Afrilu 1967, Garhanga

Motar silima ta gwamnati ta iso daga Keita da la'asar. Yara na jin ƙarar inji suka watse daga aji, suka bar ni da alli a hannu ina koya wa bencina lissafi. Gobe Alhamis ba lakwal, wato makaranta, jibi kuwa za su gane kurensu.

Mai haska silimar sunansa Alƙasim, dogon mutum ne daga Tawa. Ya ce zawo ya kwantar da tafintansu a Keita, suna neman wanda zai riƙe mikoro, ƙarfen magana, ya juya wa mutane magana da Hausa. Mai gari ya ce wa ke akwai in ba Mushe Sidi ba, wato ni, don a nan "Mushe" ake kiran malamin lakwal, irin na Faransanci. Na ɗan ja aji, na ce ina da aikin yara da zan duba. Ƙarya ce, tun bai rufe baki ba na yarda a raina.

Silima biyu ce. Ta farko ta wanke irin gujiya da magani kafin shuka. Ta biyu ta yara, kuma wai ba mutane ba ne a ciki, zane ne aka yi da hannu, inji ke sa shi motsi. Alƙasim ya ce daga wani tsohon littafi aka ciro labarin, wanda duk yaron Turai ya karanta. Ya tambaye ni ko na san shi. Na ce ƙwarai kuwa, tun ina ɗan lakwal a Tawa. Ko sunan littafin ban taɓa ji ba. To gaban mai gari me zan ce?

Juma'a, 7 ga Afrilu

Jiya na tafka abin kunya.

Bayan isha'i aka rataya farin ƙyalle a bangon lakwal. Gari ya fito kaf, har da mutanen rugage. Silimar gujiya ta wuce lafiya. Da zanen ya fara motsi sai tsofaffi suka hau salati. Gwaggo Cima, ƙanwar babana da ta rene ni, ta rufe fuska da mayafi ta bar ido ɗaya waje.

Labarin wata 'yar yarinya ne mai kiwon farar akuya. Akuya ta shige tsagar wani dutse, yarinya ta bi ta, dutse ya rufe bayansu. A ciki gari ne guda, mutanensa duk na dutse, da sarkinsu mai gemun tsakuwa, in ya yi magana ƙasa sai ta yi rawa. Dokar garin ita ce duk baƙon da ya shigo dutse zai kama shi daga tafin ƙafa, yana hawa sannu sannu har ya zama kamarsu.

Faransancin da sauri yake, rabinsa waƙa. Abin da na ji na faɗa, abin da ban ji ba na ƙara gishiri. Na ba sarkin dutse muryar mai karɓar lanho, wato haraji, mutane suka kwashe da dariya. Na ce ai dutsen nan na bayan garinmu ne, aka ƙara shewa. Dariyar jama'a giya ce, ban sani ba sai jiya. Sunan yarinyar na Turawa ne, ba wanda zai iya riƙe shi. Sai ta waiwayo ta yi murmushi, ga wushirya, ga 'yan idanu masu ƙiftawa, sak 'yata. Ban san sa'ad da bakina ya ce cikin mikoro ba: "Ga Lantana nan ta shiga dutse!"

Lantana, 'yata ta fari. Tun da aka raɗa mata sunan nan ban taɓa kiransa ba, ko a ɗaka. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", kamar kowane uba mai kunyar ɗan fari. Sai ga shi na kwarara shi cikin ƙarfe har bayan gari ana ji. Samari suka yi dariya, mata suka riƙe baki. Da yake na riga na fara, sai na yi ta maimaitawa don kada a ce kuskure ne. Ita kuwa tana zaune gaba cikin ƙawayenta, sai fankama take.

Dutse ya kama ƙafafun yarinyar zanen, ya hau ƙwauri, ya kai gwiwa, tana kiran akuyarta tana kuka. Nan ƙyalle ya yi fari fat. Silimar a naɗe take cikin faya-fayan ƙarfe uku da suke kira bobin, biyu sun ƙare. Alƙasim ya yi ta tonon akwati, sannan ya raɗa mini: "Mushe, na ukku ba shi nan. An haɗa shi da kayan wata mota. Hwaɗa musu an gama."

Na ce an gama. Yara suka yi ta ihu, "Mushe, ta hita? Ta hita?" Na ce kowa ya tafi ya kwanta. Motar ta wuce Buza yau da safe.

Asabar, 8 ga Afrilu

Matata Jaratu tuwo kawai take ajiye mini ta juya. Gwaggo ce ta tare ni bakin rumbu.

"Sidi, mi ya kai ka? Ɗiyakka ta hwari! Ubanka har ya bar duniya bai kira sunan yayanka ba. Kai ka sa nata cikin bakin ƙarhe gaban maza da mata. Kuma ka bat ta cikin dutsi ka zaka ka kwanta. Ko gatana ta, ba a barin ta buɗe."

Na ce Gwaggo, zane ne, fenti ne da takarda. Ta ce zanen da ke kuka da hawaye? Na ba ta amsa irin ta 'yan boko, doguwa, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce in matsa mata za ta ɗebi hatsi.

Yara a hanyar rijiya suna kiran yarinyar "Lanti ta cikin dutsi". Daɗi take ji, har tafiya take yi musu da ƙafafu a sandare.

Litinin, 10 ga Afrilu

Zazzaɓi ya kama yarinyar tun jiya. Kai da wuya ke ciwo. Na ba ta kinin. Bazara ce, rabin ajina ma majina suke.

Talata, 11 ga Afrilu

Jikin da zafi har yanzu. Gwaggo ba ta kallona.

Alhamis, 13 ga Afrilu



Zazzaɓi ya sauka da asuba, muka yi hamdala. Uwarta ta ce ta tashi ta wanke fuska. Ta sauko daga gado sai ta zube kamar an sare kara. Na zaci wasan nan nata ne na hanyar rijiya, na daka mata tsawa. Allah ya gafarta mini, har na ɗaga hannu. Ta dafa ƙasa ta yunƙura, ƙafafu suka ƙi. Na tsuguna na kama su, ni da ban taɓa ɗaukarta ba tun tana tsumma. Laushi tiɓis, ba sa riƙe komi.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Baba, dutsin na. Ya kai mini gwiwa."

Jaratu ta fasa ihu. Gwaggo ta fita tsakar gida ta zauna kan turmi.

Na san ciwo ne. Na karanta, akwai ciwon da ke bin zazzaɓi ya kama ƙafafun yara. Na sani sarai. To don me ita, don me wannan makon, don me gwiwa? Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu

A masallaci sahun da na tsaya ya yi mini faɗi. Ana gaishe ni daga nesa. Magana ta zagaya gari cewa na ba injin Nasara kurwar 'yata, wasu ma sun ce biyana aka yi. Baki shi ke yanka wuya, ga nawa ya yanka na wani.

Liman ya aiko da rubutun sha. Gwaggo ta kawo wata mata daga ruga ta yi turare ta shafa mai. Da a bara ne da na kore ta da Faransanci. Yau ni na riƙe mata kaskon.

Da safe da yamma nakan latsa cinyar yarinyar in ce ta motsa, in latsa ciki, in sa kunne a ƙirji. Abin da nake tsoro shi ne ya hau. Ita kuwa cewa ta yi, "Ba shi hawa, Baba. Nan silima tat tsaya." Ban san ko in yi murna da maganar ko in fita da gudu ba.

Litinin, 17 ga Afrilu, Buza

Mun samu motar 'yan kasuwa jiya. A cinyata yarinyar ta yi tafiyar, mutane na kallo, ban damu ba. Duk dutsen da muka wuce sai ta ɓoye fuska cikin rigata, ƙasarmu kuwa Adar ina za ka duba ba dutse?

Mahaman ke riƙe da ɗakin magani a nan, mun yi aji ɗaya da shi a Tawa. Ya buga gwiwoyin da 'yar guduma, ya soka tsinke a tafin ƙafa ta ce wayyo. Ya ce tana ji, motsi ne babu. Ya jawo ni waje.

"Sidi, kai mai karatu na, ba ni ɓoye maka. Shan inna na. Ba ni da allura ko ƙwaya da ka warkad da shi, Tawa ma babu."

Na ce in ya hau ƙirji fa?

"Sai Allah. Amma tunda zahi ya sauka, galibi inda yat tsaya nan shika tsayawa."

Ya ce a riƙa gasa ƙafafun da tsumma mai ɗumi, a miƙe su a lanƙwasa kullum kada su ƙage. Ya ce wata ƙafar takan dawo, wata ba ta dawowa. Ta hagu ya ga alamar rai a yatsu. Ta dama bai ce komi ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ba shi labarin silimar ina dariyar yaƙe, don in ji ya ce shirme ne. Ya ce shirme ne. Na sake tambaya. Ya dube ni ya ce, "Sau nawa kaka so in hwaɗi?" Na kuma tambayi inda motar silima take, aka ce ta yi Madawa.

Laraba, 19 ga Afrilu, Garhanga

Yara kaɗan suka zo lakwal. Iyaye sun ce kada Mushe ya kira sunan 'ya'yansu. Da na ɗauki rajista zan yi kiran suna sai na ga wani ɗan ƙarami ya toshe kunnuwa. Na rufe rajistar, na ƙirga kawuna kawai.

An ce wani yaro a wata ruga wajen Urno ya kwanta da irin ciwon nan, kuma bai taɓa ganin silima ba, bai san ni ba. Da na ji sai sanyi ya ratsa ni, daɗi na ji. Ɗan mutane kwance ni ina jin daɗi. Wane irin mutum na zama?

Asabar, 22 ga Afrilu

Yatsun hagu sun motsa. Jaratu ta yi guɗa a hankali kada maƙwabta su ji.

Amma yarinyar ta ƙi gashi, ta ƙi a miƙe mata ƙafa. In an taɓa sai ta ƙanƙame tabarma tana kururuwa. Ta ce a bar ta, wahalar banza ce, ba ta tashi sai waccan ta silima ta fita daga dutse. Abinci ma sai da lallashi. Kwance take fuskarta ga bango, ita da a da ba ta zama wuri ɗaya ko na shan fura. Mahaman ya ce in ba a motsa su ba za su ƙage, har ta hagun.

Yau ta juyo ta ce, "Baba, kai ka karanta littahin. Ka hwaɗa ma Alƙasim gaban mai gari. Yaya ta ƙare?"

Na so in ƙaga wani abu, sai tsoro ya kama ni. Bakin nan nawa ya riga ya faɗi magana sau ɗaya ga abin da ya biyo. In na ce ta fita alhali ba ta fita ba fa? In kuma a littafin dutse ya haɗiye ta? Turawa ba su da tabbas, na taɓa karanta labarinsu na yara da kowa ya mutu a ƙarshe.

Na ce mata na manta. Ta ce, "Ba ka manta ba. Ba ta hita ba, shi ya sa." Ta koma ga bangonta.

Talata, 25 ga Afrilu

Na rufe lakwal. In sufeto ya zo ya rubuta abin da ya ga dama. Gobe Madawa.

Alhamis, 27 ga Afrilu, Madawa

Na sami Alƙasim ƙarƙashin motarsa yana gyara. Da na gaya masa sai ya fito ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Bobin na uku ya dawo hannunsa tun makon jiya. Na ce ya zo Garhanga ya haska. Ya ce ba shi da iko, an tsara masa hanya, daga nan Ƙonni, kuma man motar a auna yake. Na yi masa faɗa har na zagi gwamnatinsa da injinsa, alhali ba shi ya riƙe mikoro ba. Ya bari na gama, ya ce abin da zai iya shi ne ya nuna mini ni kaɗai.

Da azahar muka shiga wani ɗakin ajiyar buhuna, ya toshe tagogi da bargo, ya haska a bango. Zafi kamar tanda. Kafin ya kunna na ce ya dakata. Na fita na dawo. Namiji da gemu, malamin lakwal, yana tsoron fenti da takarda.

Ga yadda ta ƙare. Akuyar ta dawo da ƙararrawa a wuya, ta yi ta kaɗa ta, yarinyar ta kama waƙa. Dutsen ƙafafunta ya tsage kamar ɓawon ƙwai ya zube. Ta yi tsalle, ta yi juyi, ta ruga da gudu, mutanen dutse duk suka koma mutane suna rawa bayanta. Ta isa gida da gudu uwarta ta cafe ta. Ko tabo babu a ƙafar.

Na yi kuka, Alƙasim ya yi kamar yana duba inji. Da farko kukan daɗi ne. Ta fita! Na ji kamar a lokacin nan a Garhanga yarinyar ta miƙe tsaye, har na so in bi hanya da ƙafa in gani.

Sai na tuna fuskar Mahaman da ya zo kan ƙafar dama.

Juma'a, 28 ga Afrilu, a hanya

Mota ta lalace kafin Buza, mun yini gindin wata ƙaya. Tunani ɗaya nake juyawa. In na gaya mata gaskiya za ta yi murna, sannan ta kwanta tana jiran ranar da dutse zai tsage ya zube, ta tashi da gudu. Zai tsage? Wanda ya zana silimar nan bai taɓa gasa ƙafar yaro da tsumma ba.

In kuma na sauya, bakina ne zai sake yanke mata. Wannan karon da gangan.

Lahadi, 30 ga Afrilu, Garhanga

Na iso jiya. Ba ta miƙe ba. Wauta ce, amma sai da na leƙa ɗakin da sa rai. Ta rame, idanu sun yi zuru-zuru.

Da hantsi na sa aka fito da ita inuwar zaure. Uwarta da Gwaggo suka zauna, 'yan ƙawayenta suka maƙale a bakin ƙofa. Na ce na gano ƙarshen silima da idona.

Na ce akuya ta dawo da ƙararrawa, ta kaɗa, yarinya ta yi waƙa, dutsen ƙafa ɗaya ya tsage. Har nan ban yi ƙarya da yawa ba. Na ce ɗaya ƙafar kuwa sarkin dutse ya ƙi saki. Ya ce da ita, je ki in kin iya, ba wanda ya taɓa fita da ƙafar dutse, nauyi gare ta. Ya yi dariya har tsakuwar gemunsa na zuba. Yarinya ta duba ta ga wani ɗan icce da ya tsiro a tsagar dutse, ta karya reshe ta dogara. Ta taka da mai rai, ta jawo ta dutsen. Ta faɗi, ta tashi. Ta faɗi, akuya ta tsaya ta dafa bayanta. Haka har ta ga hasken waje. Ban kira suna ba, "yarinyar" na yi ta cewa.

Sai ta ce, "Da tak kai gida, dutsin ya zube?"

Na ce a'a.

"Ta yi gudu?"

Na ce ba ta yi gudu ba. Ta dai kai gida da ƙafarta, ta tatsi akuyarta, ta sha nono.

Ta ce, "Silimab banza ta." Ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da ta faɗi. Jaratu ta rungume ta tana harara ta. Na tashi na fita.

Gwaggo ta same ni bayan gida. Ta ce, "Haka Nasara sunka zana?" Na ce haka. Ta daɗe tana kallona da idon nan nata. Ta ce, "To," ta koma ciki.

Ya Allah, in na yanke mata abin da ba ka yanke ba, ka ɗora mini.

Talata, 2 ga Mayu

Yarinyar ba ta yi mini magana. Amma uwarta ta gasa ƙafafun yau ba ta yi kururuwa ba, cije leɓe kawai ta yi.

Asabar, 6 ga Mayu

Ta aiko uwarta ta tambaye ni wane irin icce ne yarinyar silima ta karya. Na ce magarya. Ta aiko a ce mini magarya ƙaya gare ta, ba a dogara da ita. Na ce to aduwa. Ta ce ita ma haka. Na ce a gaya mata iccen Turai ne ban san sunansa ba.

Na je wurin Bilal masassaƙi na ce ya yi mini sanda mai ƙoshiya a sama, wadda za ta shiga hammata. Na ce masa ta 'yan kwanaki ce, kada ya ɓata lokaci wajen gyara ta.

Laraba, 10 ga Mayu

Na buɗe lakwal. Yara sun fara dawowa, har sun tambaye ni ƙarshen silima. 'Yan bakin ƙofa sun riga sun baza shi gari, ba halin sauyawa. Na maimaita musu yadda na faɗa a zaure. Yanzu tsorona ɗaya, kada wata rana motar nan ta dawo da bobin ɗinta uku cif.

Sandar na jingine a bango, yarinyar ba ta taɓa ta ba. Ƙafar hagu tana ɗagawa. Ta dama ta fara sirancewa, ko idona ne.

Asabar, 20 ga Mayu

Hadari ya taso gabas jiya, bai zuba ba. Mutane na gyaran gona.

Yau na dawo daga lakwal na tarar da ita tsakar gida a tsaye, sanda a hammata, gwiwar hagu duk ƙurje. Jaratu ta ce tun safe take faɗuwa, ta hana kowa kama ta. Daga ƙofar ɗaki ta nufi turken awaki. Ta taka da hagu, ta jawo ta dama tana shatar ƙasa. Na tsaya bakin zaure ban yi motsi ba. Da ta kai ta dafa bayan jar akuyar Gwaggo tana haki, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Tana da nauyi, Baba. Ba ka yi ƙarya ba."

Na ce mata sannu. Na shiga ɗaka na daɗe ina neman wani abu da ban san ko mene ne ba.

Mahaman ya ce wata ƙafar takan dawo ko bayan watanni. Ina nan kan haka, ba abin da ya gagari Allah.

Da la'asar na bi ta wurin Bilal. Sandar na gurje mata hammata, na ce ya naɗa mata fata mai laushi. Na kuma ce in ya sami icce mai kyau ya sassaƙa wata ya ajiye, ya ƙara mata tsawo kaɗan, tunda yara girma suke yi.